Shin Ko Kun San? Wahalar Nemo Ma'aunin Albarushi Ga Tsohuwar Libarba

Shin ko kun san cewa a Amurka akwai mutane masu yawa da ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun yi harbi? Tsince shi suke yi, su wanke, su matse shi ya koma girmansa na asali, su maƙala masa sabon ƙyastu a gindi, su auna albarushi su zuba, sannan su ɗora sabuwar ƙwayar dalma a baki. Dama abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su zama harsashi, wato kwanso da ƙyastu da albarushi da ƙwaya, kuma kwanson tagullar nan shi ya fi tsada, shi kaɗai ne kuma ke saura bayan an harba. Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi a wurin wanda zai yi wannan ciko don amfanin kansa, sai in sayarwa zai yi. A Jamus kuwa sai mutum ya yi kwas, ya ci jarrabawa, kafin a ba shi izinin ajiye albarushi a gida.

Shin ko kun san cewa duk sana'ar ta rataya ne a kan lamba guda, wato nauyin albarushin da za a zuba? Da giren ake auna shi. Giren 7,000 ne ke cika fam ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15, kuma sikelin masu ciko yana rarrabe har kashi ɗaya cikin goma na giren. Wanda ke riƙe da bindigar zamani ba shi da damuwa, kowane littafin ciko ya buɗe zai tarar da shafuka a jere. Mai tsohuwar libarba irin .455 Webley, ko .41 Long Colt, ko 8mm ta Faransa, shi ne zai yi ta bin littattafai, ya samu rabin shafi a nan, layi biyu a can, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Dalilin ciniki ne. Kafin kamfani ya buga ma'auni sai ya ƙera bututun gwaji na musamman ga wannan harsashin, ya biya ma'aikata, ya ƙona albarushi mai yawa, kuma babu kamfanin da ke ɗokin yin haka don harsashin da masu saye ba su taka kara sun karya ba.

Sunan harsashi ma yaudara yake yi. Faɗin ƙwayar .38 Special inci 0.357 ne. Ta .44 Special 0.429 ce. Shi kuwa .38-40 ƙwayarsa ta kai 0.401, ta fi abin da sunan ya faɗa. Lamba ta biyu a sunaye irin .44-40 da .32-20 nauyin baƙin albarushin da aka fara cika su da shi ne a ƙarni na 19, kuma duk wanda ya ɗauki wannan lamba ya auna albarushin zamani da ita, bindigar a hannunsa za ta tarwatse.

Shin ko kun san cewa .38 S&W da .38 Special ba abu ɗaya ba ne, duk da kamfani ɗaya ya haife su? Smith & Wesson ya fito da na farkon a 1877, gajere ne, ya fi kauri, ƙwayarsa ta kai inci 0.361. Na biyun ya zo ne bayan shekara ashirin da 'yan kai, ya fi tsawo, ya fi siranta. Kishi ya ƙara dagula lissafin, domin kamfanin Colt ya ƙi buga sunan abokin gasarsa a jikin bindigoginsa, sai ya raɗa wa harsashin suna .38 Colt New Police. Sojan Birtaniya kuma suka kira nasu .38/200, saboda ƙwayar dalma mai nauyin giren 200 da suka fara sa masa, kafin su sauya zuwa mai giren 178 mai rigar ƙarfe don gudun saɓa wa yarjejeniyar Hague ta 1899. Kwanso ɗaya, sunaye uku. Mai neman ma'auni da bai san wannan ba zai wuce shafin da yake nema ya ce babu.

Wannan .38/200 ɗin shi ne harsashin libarbar Enfield No. 2 da Birtaniya ta ɗauka a 1932, kuma shi ne na libarbar sojanta a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kakanninmu suka tafi Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Smith & Wesson kaɗai ya ƙera wa Birtaniya da ƙawayenta fiye da rabin miliyan na libarba mai cin wannan harsashi.

Bayan yaƙi aka yi gwanjonsu, 'yan kasuwa suka kwashe da yawa zuwa Amurka, suka zurfafa ramukan gangar don ta karɓi .38 Special wanda ya fi samuwa a shaguna. Aikin bai yi kyau ba, saboda ramin ya riga ya yi wa sabon kwanson faɗi, sai ya riƙa kumbura ko ya tsage. Shin ko kun san cewa irin wannan libarba da aka sauya ce aka kama Lee Harvey Oswald da ita a Dallas a 1963, ranar da aka kashe Shugaba Kennedy da ɗan sanda J. D. Tippit, kisan da aka zarge shi da aikatawa? Masu bincike sun sha wuya wajen daidaita ƙwayoyin da aka ciro daga jikin Tippit da bindigar, domin sun yi wa bututun siranta, ba su ɗauki zanensa iri ɗaya ba.

Labarin .455 Webley ya fi wannan ban tsoro, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Birtaniya ta ɗauki libarbar Webley a 1887, samfurinta na huɗu ya fito a 1899, kuma shi ne libarbar soja ta hukuma sa'ad da dakarun Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Na shida, wanda ya fi shahara, ya zo a 1915. Irin libarbar nan ce da ake karyawa daga sama ta buɗe, ta watso kwansuna shida gaba ɗaya, abin da ya sa ake cika ta da sauri, amma makullin da ke riƙe ta a sama bai kai ƙarfin jikin da aka ƙera dunƙule ba. Hukumar C.I.P. mai tsara ƙa'idar gwajin bindigogi ta ƙayyade wa harsashin .455 matsin da bai wuce bar 900 ba, wato kusan fam 13,000 a kan kowane murabba'in inci. Da aka yi gwanjon waɗannan bindigogi a Amurka, harsashinsu ba ya samuwa, sai dillalai suka aske bayan gangar don ta karɓi .45 ACP wanda ke ko'ina. Shi kuwa .45 ACP iyakarsa fam 21,000 ce. Ke nan duk harbi ɗaya da harsashin shago ya haura abin da aka gina bindigar a kai da fiye da rabi. Wasu sun jure shekaru, wasu gangarsu ta fashe. A yau masu askakkiyar Webley suna amfani da kwanson .45 ACP ko na .45 Auto Rim, wanda kamfanin Peters ya fitar a 1920, amma ma'aunin da suke nema na matsin .455 ne. Sunan da ke gindin kwanso daban, lambar da za a bi daban, kuma littafin ciko na yau da kullum ba zai faɗa wa mutum haka a shafin .45 ACP ba. A ganina dillalan da suka yi wannan aski sun ci riba ne da yatsun mutane.

Can ɓangaren Nijar kuwa, libarbar hafsoshin Faransa a zamanin da suka shiga Damagaram a 1899 ita ce samfurin 1892 mai harsashi 8mm. Gangarta ta dama take buɗewa, saɓanin yawancin libarba. Masu riƙe da ita a yau sukan gyara kwanson .32-20 ya zama nata.

Shin ko kun san cewa ƙyastun harsashi iri biyu ne, kuma kowanne ya yi hijira daga ƙasarsa? Wanda Ba'amurke Hiram Berdan ya ƙirƙira shi Turai ta runguma, wanda Baturen Ingila Edward Boxer ya ƙirƙira kuma shi Amurka ta riƙe. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, da tsinke ake tura tsohon ƙyastun ya fita. Na Berdan ƙananan ramuka ne a gefe, cire shi aiki ne. Tsofaffin kwansunan sojan Turai galibi na Berdan ne, shi ya sa masu ciko ke ajiye su don tarihi kawai.

Babbar tambayar da ake fara yi wa tsohuwar libarba ita ce: da wane albarushi aka haife ta? Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, Ingila ta biyo da nata mai suna kodayit a 1889, amma an ɗauki shekaru ana ci gaba da ƙera libarba da ƙarfen zamanin baƙin albarushi. Sai a 1900 kamfanin Colt ya amince a sa marar hayaƙi a shahararriyar libarbarsa ta 1873, daga lamba ta 192,000 zuwa sama. Iver Johnson, mai ƙera libarba masu araha, sai a 1909 ya fitar da samfurin da ya dace da sabon albarushin. Bindigar Ingila takan taimaka wa mai ita, domin doka ta tilasta a gwada kowace a gidan gwaji na Landan, wanda ke aiki tun 1637, ko na Birmingham da aka kafa a 1813, kuma hatimin NP a jikinta na nufin ta ci gwajin marar hayaƙi. Amurka ba ta da irin wannan tilas.

Shin ko kun san cewa girman tsohon kwanso shi ne tarkonsa? An ƙera .45 Colt a kan ya ɗauki baƙin albarushi har wuya. Albarushin zamani mai saurin ci kuwa ɗan kaɗan yake buƙata, ya kwanta can ƙasan kwanso kamar babu, ta yadda idan hankalin mai ciko ya tafi wani wuri ya zuba sau biyu, kwanson zai karɓa ba tare da ya zube ba. Wannan ninkin shi ne ya fi fasa libarba. Kishiyarsa kuma ita ce a mance ba a zuba ba sam, ƙyastu kaɗai ya tura ƙwaya ta maƙale a cikin bututu, na gaba ya zo ya same ta. Don magance matsalar farko aka fitar da albarushin Trail Boss a 2005, wanda aka fara yi a Ostareliya, ƙwayoyinsa masu rami a tsakiya, marasa nauyi, masu cika wuri.

Kwanson kansa ya sauya. Na da gindinsa siriri ne, cikinsa ya fi faɗi, na yanzu gindinsa kauri ne, cikinsa ya ragu. Albarushi iri ɗaya, nauyi ɗaya, a ɗaki mafi ƙanƙanta, matsi ya fi yawa. Tsohon littafi da tsohon kwanso ya yi gwajinsa.

To ina ake samun lambar? Masu hankali a cikin masu ciko da kamfanonin albarushi suke farawa, tunda su ke da ɗakin gwaji. Hodgdon, wanda Bruce Hodgdon ya kafa a jihar Kansas a 1947 da sayar da rarar albarushin soja, yana ba da ma'aunansa kyauta a intanet, haka ma Alliant, haka Vihtavuori na ƙasar Finland. Daga nan sai littafin Lyman, wanda ya gaji kundin kamfanin Ideal da John Barlow ya kafa a 1884. Lyman ya sayi Ideal a 1925, bugu na 50 na littafin ya fito a 2016, kuma da yake kamfanin yana sayar da mazubin narka dalma, ya fi kowa kula da tsofaffin harsasai masu ƙwayar dalma. Sai mujallar Handloader da ke fitowa tun 1966, wadda aka tattara rubuce-rubucen Ken Waters na cikinta a littafin Pet Loads. Don sanin awo da tarihin harsashi akwai Cartridges of the World na Frank Barnes, bugun farko 1965. Wanda kwanson nasa ya ɓace daga kasuwa kwata-kwata yakan nemi littafin John Donnelly da ke nuna yadda ake mayar da wani kwanso ya zama wani. In duk an rasa, akan buga wa ma'aikatan gwaji na kamfanin albarushi waya, kuma sau da yawa amsarsu ita ce ba su gwada ba, don haka ba za su faɗi lamba ba. Wannan amsa ta fi lambar da wani ya ji daga bakin wani.

Shin ko kun san cewa tsufan littafi ba ya sa ya dace da tsohuwar bindiga? Nan ne mutane suka fi zamewa. Littafin Philip Sharpe na 1937, Complete Guide to Handloading, ma'adana ce ta tarihi, akwai harsasan da babu su a wani wuri, amma da yawa daga albarusan cikinsa an daina yin su. Bugu na 8 na littafin Speer, na 1970, ya yi ƙaurin suna wajen zafin ma'auni, kuma bugun da suka biyo baya sun rage wasu lambobin. Albarushin Bullseye yana kasuwa tun 1898, Unique tun 1900, sunayen ba su sauya ba, amma masana'antar ta sauya hannu daga Laflin & Rand zuwa DuPont zuwa Hercules zuwa Alliant, kuma kamfanin da kansa ma'auninsa na yanzu yake cewa a bi. Akwai kuma sunaye masu kama da juna: Clays daban, Universal Clays daban, International Clays daban, kuma saurin cinsu ba ɗaya ba ne.

Har ma'aunin matsin ya sauya. Da can ɗan guntun jan ƙarfe ake sawa a bututun gwaji, a harba, a auna yadda ya lotse, a rubuta sakamakon da haruffan CUP. Yanzu na'urar lantarki ce ke karanta matsin daga farkon tashinsa har ƙarshe. Babu wani lissafi guda da ke mayar da wancan ya koma wannan a kowane harsashi, kuma na'urar ta tona cewa wasu ma'aunan da aka daɗe ana yarda da su sun fi zafi fiye da zato. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke tsara iyakar matsi a Amurka bisa yardar kamfanoni. C.I.P., wadda aka kafa a 1914, dokarta tilas ce a ƙasashen da suka sa hannu. Harsashin da ya mutu kafin su waiwaye shi ba shi da iyaka a rubuce ko kaɗan.

Shin ko kun san cewa .45 Colt shafi biyu gare shi a yawancin littattafan ciko? Na farko na iyakar fam 14,000 ne, ga tsofaffin Colt da kwaikwayonsu. Na biyu an buga masa gargaɗi cewa na manyan libarbar Ruger ne da makamantansu kawai. Harsasan biyu kamarsu ɗaya a ido, kuma dukansu za su shiga gangar bindigar 1880 lafiya lau. Ba tsohuwa na biyun kamar a ba dattijo ɗan shekara tamanin allurar doki ne. Masu ƙera .357 Magnum a 1935 sun hango irin wannan, suka ƙara wa kwanson tsawon kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci don kada ya shiga tsofaffin .38 Special.

Elmer Keith, makiyayin jihar Idaho da ya rubuta Sixguns a 1955, ya fasa Colt .45 a hannunsa yana matashi saboda zafin ciko. Daga nan ya koma kan .44 Special mai kaurin bangon ganga, ya yi ta matsa masa lamba har kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fitar da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Ana yawan ba da wannan labari don yaba jarumtarsa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne mutum mafi sani a zamaninsa ma bai ga alamar fashewa ba sai da ta faru.

Kuma haka abin yake. A bindigar zamani mai babban matsi, ƙyastun da ya baje ko kwanson da ya ƙi fita sukan yi wa mai ciko kashedi. Tsohuwar libarba kan kai iyakarta tun kafin waɗannan alamomi su bayyana. Saboda haka ƙa'idar littattafan ita ce a fara daga mafi ƙarancin abin da aka buga, a auna gudun ƙwaya da na'ura, kuma a tsaya da wuri. Manhajar kwamfuta irin QuickLOAD, wadda Bajamushe Hartmut Brömel ya rubuta, hasashe take yi, kuma hasashen nata ya fi rauni a miƙaƙƙen kwanso irin na libarba.

Gani ya kori ji, don haka gwanaye ba sa yarda da abin da aka rubuta a jikin bututu. Sukan tura tattausar dalma ta cikinsa su auna faɗinta, su auna bakin kowane rami na ganga. Colt .45 na kafin Yaƙin Duniya na Biyu bututunsa ya kai kusan 0.454, na bayan yaƙi 0.451. Shi .41 Long Colt na 1877 ya fi kowa rigima: da farko ƙwayarsa faɗinta ɗaya da kwanso, da 'yar ƙafa siririya da ke shiga ciki, irin yadda ƙaramin .22 yake har yau. Daga baya aka koma ƙwaya mai 0.386 mai rami a gindi, wadda ke buɗewa da ƙarfin harbi ta kama bututu. Ma'aunin wannan ba ya aiki a wancan.

Shin ko kun san cewa wasan kwaikwayon kaboyi ne ya farfaɗo da yawancin waɗannan harsasai? Ƙungiyar SASS, da aka kafa a 1987, tana shirya gasar harbi da tufafi da bindigogin ƙarni na 19, kuma kasuwarta ta sa kamfanin Starline na garin Sedalia a jihar Missouri ya koma yin sabon kwanson .44 Russian da .45 Schofield da .41 Colt, har da .455 Webley. Fiocchi na garin Lecco a Italiya ma ya daɗe yana cika .455.

A Nijeriya kuwa duk wannan karatun tarihi ne kawai. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ta kuma hana ƙera ko harhaɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Wanda ya buɗe adakar kakansa ɗan Bama ya ci karo da tsohuwar libarba, kada ya gwada ta, kada ya kai wa maƙeri, ya sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.